Tsoron Baƙin Rami: Abin da Ya Kamata a Sani Game da Na'urorin Gwara Ƙwayoyin Zarra

A ranar 10 ga Satumban 2008 ne masana a Cibiyar Binciken Nukiliya ta Turai, wato CERN, suka kunna na'urar LHC a karon farko, a ƙarƙashin ƙasa, kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da birnin Jeniba. Tun kafin wannan rana jita-jita ta karaɗe duniya cewa na'urar za ta haifi wani ɗan ƙaramin baƙin rami da zai riƙa girma har ya haɗiye duniya da duk abin da ke cikinta. An shigar da ƙara a kotunan Amurka da Turai, an aika wa wasu masana saƙonnin barazanar kisa. A jihar Madhya Pradesh ta Indiya kuwa, kafofin labarai sun ruwaito cewa wata yarinya 'yar shekara 16 ta halaka kanta bayan ta kalli shirye-shiryen talabijin da ke cewa duniya ta zo ƙarshe.

Shekaru sun shuɗe, na'urar ta yi ta aiki, duniya tana nan. Sai dai maganar ba ta mutu ba. Ta sake tasowa a shafukan sada zumunta a watan Yulin 2022, lokacin da aka ƙara wa na'urar ƙarfi. A zamanin wayar hannu kuma, saƙon da aka ƙirƙira a wata nahiya da safe yana iya isa wayar mai shago a Ƙofar Dumi cikin birnin Bauchi kafin la'asar. Saboda haka akwai buƙatar sanin mece ce wannan na'ura, daga ina tsoron ya taso, wace amsa aka bayar, kuma ina abin ya shafi Najeriya.

Mece ce na'urar ingiza ƙwayoyi?

Duk wani abu da ido ke gani, daga dutse zuwa ruwa da jikin mutum, an gina shi da ƙwayoyin zarra. A cikin kowace ƙwayar zarra akwai waɗansu ƙwayoyi da suka fi ta ƙanƙanta: furoton da nutiron a tsakiya, ilektaron kuma a kewaye. Na'urar ingiza ƙwayoyi inji ce da ke amfani da ƙarfin lantarki ta tura irin waɗannan ƙwayoyi da gudu, ta kuma yi amfani da maganaɗisu ta saita musu hanya, har su je su bugi wani abu ko su gwara da junansu. Daga tarkacen wannan karo ne masana ke gane yadda halitta take a can ciki.

Fasahar ta kusa cika shekara ɗari. Ernest Lawrence ya ƙera irin mai da'ira a Amurka a farkon shekarun 1930, a 1932 kuma John Cockcroft da Ernest Walton suka yi amfani da tasu a Ingila suka tsaga cibiyar ƙwayar zarra. A yau akwai irin waɗannan na'urori fiye da 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu suna asibitoci da masana'antu ne. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya, wadda har yanzu ake gani a shagunan masu gyara, ita ma ƙaramar na'urar ingiza ƙwayoyi ce: tana harba ilektaron zuwa gilashinta da ƙarfin lantarki na kimanin bolt 25,000, wannan ne ke fitar da hoto. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi a asibiti ma a kan wannan tsari take aiki.

LHC ita ce babba a cikinsu duka. Zobe ce mai kewayen kusan kilomita 27, wato ta ninka tsohuwar ganuwar Bauchi, wadda kewayenta ya kai kimanin kilomita 10 da rabi, fiye da sau biyu da rabi. Tana kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Manyan maganaɗisu 1,232 ne ke lanƙwasa hanyar furoton a cikinta, kuma ana sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos. Kowane furoton yana zagaya zoben fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, da gudun da ya kusa kamo na haske.

Mene ne baƙin rami?

Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya inda aka matse nauyi mai yawa a cikin ɗan ƙaramin fili, har ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Galibi yana samuwa ne idan wani ƙaton tauraro, wanda ya ninka rana nauyi sau da yawa, ya ƙone makamashinsa ya rufta a kan kansa. A Afrilun 2019 masana suka fitar da hoton baƙin rami na farko, a Mayun 2022 kuma suka fitar da na wanda ke tsakiyar rukunin taurarinmu, mai nauyin rana kusan miliyan 4.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, ƙarfin baƙin rami daga nauyinsa yake zuwa. Da za a matse duniyar nan ta zama baƙin rami, da faɗinta bai kai santimita 2 ba. Da kuma rana za ta rikiɗe ta zama baƙin rami da nauyinta na yanzu, duniya za ta yi duhu da sanyi, amma za ta ci gaba da kewaya ta a kan hanyarta kamar yadda ta saba, domin nauyin bai ƙaru ba. Ke nan baƙin ramin da nauyinsa bai wuce na 'yan dubban furoton ba, ƙarfin janyowarsa ma bai wuce na 'yan dubban furoton ba, abin da bai kai ko kusa da na ƙwayar ƙura guda ba.

Inda tsoron ya samo asali

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan tsoro daga takardun masana kansu ya fito.

A 1999, lokacin da ake shirin buɗe na'urar RHIC a cibiyar Brookhaven da ke jihar New York, wani mutum mai suna Walter Wagner ya rubuta wa mujallar Scientific American wasiƙa yana tambaya ko na'urar za ta iya haifar da baƙin rami. Masanin fiziks Frank Wilczek ya amsa cewa hakan ba mai yiwuwa ba ne, amma ya ambaci wata baƙuwar ƙwaya da ake hasashe, wadda ya ce ita ma ba abin damuwa ba ce. Jaridu suka ɗauki maganar suka kambama ta. Shugaban cibiyar, John Marburger, ya kafa kwamitin masana huɗu, suka bincika suka ce babu haɗari. RHIC ta fara aiki a 2000 ba tare da wani abu ya faru ba.

A bisa ka'idar da Albert Einstein ya kafa, ƙarfin da ake buƙata kafin karon ƙwayoyi biyu ya haifar da baƙin rami ya ninka na LHC kimanin sau tiriliyan 1,000. Amma a 1998 masana uku, Nima Arkani-Hamed da Savas Dimopoulos da Gia Dvali, suka kawo wani hasashe: wataƙila ban da tsawo da faɗi da zurfi da muka sani, sarari yana da waɗansu ɓoyayyun fuskoki da suka nannaɗe, ba a ganinsu. In haka ne, ƙarfin janyowa zai ƙaru ƙwarai a tsakanin abubuwan da suka matso juna sosai. A 2001 wasu masana, ciki har da Steven Giddings da Scott Thomas da Greg Landsberg, suka lissafa cewa idan wannan hasashe ya tabbata, LHC za ta iya fitar da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ramuka, har ma kusan ɗaya a kowace daƙiƙa. Su masanan murna suke yi da wannan, domin zai buɗe sabon babi a ilimi. Amma da kalmomin nan biyu, baƙin rami, suka fito daga mujallun masana suka shiga kanun jaridu, sai sharaɗin da ke tare da su ya ɓace a hanya.

A Maris ɗin 2008 Wagner da wani ɗan Sifaniya, Luis Sancho, suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Hawaii suna neman a dakatar da na'urar. Kotun ta yi watsi da ƙarar a watan Satumba bisa dalilin cewa ba ta da hurumi, kotun ɗaukaka ƙara ma ta kore ta a 2010. Wani farfesan kimiyyar sinadarai ɗan Jamus, Otto Rössler, da abokansa sun garzaya Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, ita ma ta ƙi bayar da umarnin dakatarwa a Agustan 2008. Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta yi watsi da wata ƙarar makamanciyarta a 2010.

Amsar da masana suka bayar

Kotu ba ta warware tambayar kimiyya. Amsar tana cikin rahotanni biyu da CERN ta sa aka yi, na farko a 2003, na biyu kuma a Yunin 2008 daga kwamitin masana biyar: John Ellis, Gian Giudice, Michelangelo Mangano, Igor Tkachev da Urs Wiedemann. Hujjojinsu hawa-hawa ne, kowane hawa yana ɗaukar cewa na ƙasansa ya rushe.

Hawa na farko shi ne ƙanƙantar ƙarfin. Ana auna ƙarfin ƙwayoyi da ma'aunin ilektaron-bolt, kuma tiriliyan ɗaya na wannan ma'auni, wanda ake taƙaitawa da TeV, ya yi daidai da ƙarfin motsin sauro guda yana tashi. Karon furoton mafi ƙarfi da LHC ke yi shi ne TeV 13.6, wato kamar sauro 14. Abin da ya bambanta na'urar shi ne tana tattara wannan ɗan ƙarfi a wuri mai matuƙar ƙanƙanta. Idan babu ɓoyayyun fuskokin nan, maganar baƙin rami ta ƙare a nan.

Hawa na biyu: a ɗauka akwai su, kuma an sami baƙin ramin. A 1974 Stephen Hawking ya nuna cewa baƙin rami yana fitar da wani irin tiriri yana ramewa, kuma gwargwadon ƙanƙantarsa gwargwadon saurin ƙarewarsa. Wanda LHC za ta iya yi zai watse cikin kimanin kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan sau biliyan na daƙiƙa, kafin ya kai ga bangon bututun da aka yi shi a ciki. Ka'idojin da suka ba da damar a haife shi daga karon ƙwayoyi, su ne kuma suka wajabta ya koma ƙwayoyi.

Masu suka suka ce ai ba a taɓa ganin tiririn Hawking da na'ura ba, kuma gaskiya suka faɗa. Wannan ne ya kawo hawa na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi, domin ya dogara ne a kan abin da aka auna.

Gwajin da ake yi a saman kowane gari

A 1912 wani masani ɗan Ostiriya, Victor Hess, ya hau balan-balan da na'urar awo, ya gano cewa akwai ƙwayoyi masu ƙarfi da ke zubowa duniya daga sararin samaniya dare da rana. Yawancinsu furoton ne, irin waɗanda LHC ke ingizawa. Suna buga iskar da ke can sama, su tarwatse, tarkacensu ya sauko ƙasa. Ɗaya daga cikin wannan tarkace ƙwaya ce da ake kira miyuwon, kuma kimanin 10,000 daga cikinta ne ke ratsa kowace murabba'in mita a minti guda. Gidan da ke Ƙofar Dumi mai rufin mita 10 a tsaye da 10 a kwance, miyuwon kusan miliyan ɗaya ke ratsa kwanonsa a kowane minti, su wuce ta jikin masu barci su shige ƙasa. Haka abin yake tun kafin Sarki Yakubu ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19, haka yake a Kano da Maraɗi da Jeniba.

Wasu daga cikin ƙwayoyin da ke zuwa daga sama sun fi ƙarfin duk abin da ɗan Adam ya ƙera. Ƙwayar da ta zo da TeV 100,000 ta bugi iska, karon da za ta yi daidai yake da na LHC. Irin wannan karo, ko wanda ya fi shi, yana faruwa fiye da sau 200,000 a kowace daƙiƙa a sararin duniya, wato sau gomomi a kowace rana a saman kowace murabba'in kilomita. A ranar 15 ga Oktoban 1991, wata na'ura a jihar Utah ta Amurka ta kama ƙwaya guda mai TeV miliyan 320, wadda ƙarfin karonta ya ninka na LHC kimanin sau 50. Kwamitin 2008 ya lissafa cewa a tsawon shekaru biliyan 4 da rabi na rayuwar duniya, an riga an yi kwatankwacin dukan aikin da LHC za ta yi kimanin sau 100,000 a wannan duniya kaɗai. Rana ta fi duniya faɗi nesa ba kusa ba, ta sha wannan ruwan ƙwayoyi fiye da haka, kuma tana nan tana fitowa kullum.

Saura tambaya ɗaya mai ma'ana. Masu suka sun ce baƙin ramin da ƙwayar sama ta haifa zai zo da gudu ya ratsa duniya ya fice, alhali wanda aka yi a LHC, inda ƙwayoyi biyu ke karo gaba da gaba, zai iya tsayawa ya zauna a cikin ƙasa. Giddings da Mangano sun amsa wannan a wani dogon nazari a 2008. Idan ramin yana ɗauke da cajin lantarki, duniya ko rana za su tare shi. Idan ba ya ɗauke da shi, akwai matattun taurari masu tsananin kauri da babu abin da zai ratsa su ya wuce: waɗansu cokalin shayi guda na jikinsu ya kai tan da yawa, taurarin nutiron kuwa cokali guda ya kai ɗaruruwan miliyoyin tan. Da irin waɗannan ramuka suna da haɗari, da sun cinye waɗannan taurari tuntuni. Masana taurari kuwa suna ganinsu, wasu sun shekara ɗaruruwan miliyoyi, wasu biliyoyi.

Abin da aka gani bayan kunnawa

Kwana tara da kunna LHC, a ranar 19 ga Satumban 2008, wata mahaɗar lantarki tsakanin maganaɗisu biyu ta ƙone, iskar hiliyom mai sanyaya na'urar ta ɓalle da ƙarfi, har aka ciro maganaɗisu 53 domin gyara. Ba wanda ya ji rauni, amma aikin ya tsaya fiye da shekara guda. An koma a Nuwamban 2009, aka kai TeV 7 a ranar 30 ga Maris 2010, TeV 13 a 2015, sannan TeV 13.6 a ranar 5 ga Yulin 2022. A ranar 4 ga Yulin 2012 aka sanar da gano ƙwayar Higgs, abin da ya sa Peter Higgs da François Englert suka sami lambar Nobel a 2013.

Masanan sun nemi ƙananan baƙaƙen ramukan da gangan, domin duk wanda ya gano su sunansa zai shiga tarihi. Tawagar CMS ta fitar da sakamakonta na farko a Disamban 2010: ba a ga ko ɗaya ba. Binciken da ya biyo baya, da ƙarfin da ya kusa ninka na farko, shi ma bai ga komai ba.

Irin waɗannan na'urori a Najeriya

Najeriya ba ta da na'ura irin LHC, amma tana da danginta. A Cibiyar Bincike da Bunƙasa Makamashi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife akwai na'ura mai bolt miliyan 1.7, da ake amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, ma'adinai, tsirrai da ƙurar iska. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar na'urar samar da nutiron, tare da tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004. Ita tukunyar wata fasaha ce dabam, tana tsaga ƙwayoyin yuraniyom ne, kuma a 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a tace sosai ba, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

Waɗanda suka fi shafar talaka su ne na asibiti. Na'urar gashin cutar daji ta zamani, irin wadda ke Babban Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na'urar ingiza ilektaron ce. Ƙarfin kowace ƙwaya a cikinta ya gaza na furoton ɗin LHC sau ɗaruruwan dubbai zuwa miliyan. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin masu cutar daji suna buƙatar wannan gashi a wani mataki na jinyarsu. Matsalar Najeriya a wannan fanni ita ce ƙarancin na'urorin, da lalacewarsu, da nisan da majinyaci daga jiha kamar Bauchi ke yi kafin ya kai gare su. Majinyacin da jita-jita ta sa ya gudu daga na'urar, ya ƙara wa kansa wata matsalar a kan waɗannan.

Haɗarin da ke akwai na gaske

Waɗannan na'urori suna da haɗari, amma haɗarin na kusa ne, yana shafar wanda ke gaban bakinsu. Idan aka tara dukan furoton da ke gudu a bututu guda na LHC, ƙarfinsu ya kai na jirgin ƙasa mai tan 400 yana gudun kilomita 150 a sa'a, shi ya sa ba a barin kowa a ramin idan tana aiki. A 1978 wani masani a Tarayyar Sobiyet, Anatoli Bugorski, ya sa kansa a hanyar furoton bisa kuskure a cibiyar Protvino. Ya rayu, amma da shanyewar rabin fuska da kurumcewar kunne ɗaya. Tsakanin 1985 da 1987, kuskuren manhajar kwamfuta a na'urar gashi samfurin Therac-25 ya sa aka yi wa majinyata shida gashin da ya wuce kima a Amurka da Kanada, wasunsu suka mutu.

Domin irin wannan ne aka kafa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, a ƙarƙashin dokar 1995, ta kuma fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisin shigo da irin waɗannan na'urori da amfani da su, daga na'urar hoton ƙashi har zuwa tukunyar Zariya. Tambayoyin da suka dace a yi wa kowace cibiya su ne: tana da lasisi? Bangon ɗakin yana da kaurin da ake buƙata? Ana auna na'urar a kan kari? Ma'aikatan sun sami horo?

Abin da ke tafe

Najeriya ta ga irin wannan firgici a wasu fannonin. A Satumban 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito ta ƙaryata labarin wata lambar waya da aka ce tana kashe duk wanda ya amsa kiranta. A Afrilun 2020 ta sake fitowa ta musanta cewa fasahar 5G ce ke yaɗa cutar korona, a lokacin da ba a ma sayar da lasisin 5G a ƙasar ba, sai a Disamban 2021. Abin da ya haɗa waɗannan labarai da na baƙin rami shi ne na'ura da ba a fahimta ba, da ƙarfi da ba a gani da ido, da saƙo mai cewa a tura wa 'yan uwa da gaggawa.

Akwai alamar maganar za ta sake dawowa. CERN tana aikin inganta LHC domin ta riƙa yin karo da yawa fiye da na yanzu daga wajajen 2030, kuma a Maris ɗin 2025 ta fitar da rahoton nazari kan wata sabuwar zobe mai kewayen kimanin kilomita 91, wadda ake fatan wata rana ta ninka LHC ƙarfi kusan sau shida ko bakwai. Ko wannan ma, in an gina ta, ba za ta kamo ƙwayar da aka kama a Utah a 1991 ba, balle ta wuce gwajin da sararin samaniya ke yi kullum a saman Ƙofar Dumi.